Gubar da ba ta ruɓewa: Darasin Anka da Bukkuyum ga mai neman ruwa mai lafiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaure ya ɗauki Ishmawi ko Risala, ya san yadda ake gane ruwan alwala. Abu uku ake dubawa: launi da ɗanɗano da wari. Idan babu wanda ya jirkita a cikinsu, ruwan mai tsarki ne mai tsarkakewa. Da wannan ma'auni muka tashi, kuma da shi muke rayuwa har a wajen sha. Uwargida za ta buɗe randa ta ɗebo da moɗa, ta duba, ta sansana, sannan ta miƙa wa yaro.

Ma'aunin daidai yake a kan tambayar da malamai suka kafa shi dominta, wato tambayar tsarki. Sai dai zamani ya zo mana da wata tambayar, wadda ido da harshe da hanci ba sa iya amsawa: shin akwai guba a cikin wannan ruwa mai garai-garai? Idan akwai, yaya za a fitar da ita?

A yau manyan ƙasashen duniya na kashe maƙudan kuɗi a kan wannan tambaya, saboda wasu sinadarai da ake kira PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa kuma ba sa nuna kansu. Mu a nan gida muna da namu labarin da zai sa mu fahimci nasu cikin sauƙi, domin mutanen yammacin Zamfara sun ɗanɗani irin wannan masifa da wata gubar, wato dalma. Daga can ya kamata mu fara.

Ƙasar da ta ci 'ya'yanta

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta Na-Gari-Na-Kowa, wato MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan cutar sanƙarau, suka ci karo da labarin mace-macen yara a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma, daga nan sai rai ya yi halinsa. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Sai da aka aika jinin yaran Turai aka auna, sannan aka gane cewa dalma ce.

Tushen abin shi ne zinare. Farashinsa ya tashi a kasuwar duniya, manoma suka shiga haƙa, duwatsun da suka tarar kuwa cike suke da dalma. Ana kawo su gida a daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, a shanya garin a tsakar gida. Ƙurar ta bi ko'ina, ta sauka a ɗaki da madafa da kan abinci. Yaro mai rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki.

Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi tare da hukumomin Najeriya a ƙauyuka biyu da abin ya fi ƙamari, ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Daga cikin waɗanda aka auna jininsu, kashi 97 cikin 100 sun kai matakin da ke buƙatar magani. A wasu wurare an sami dalma a cikin ƙasa fiye da kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa a lokacin ga wurin wasan yara 400 ce. Adadin yaran da suka rasu a yankin an ƙiyasta shi da aƙalla 400. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Abin lura a nan shi ne, ƙasar tsakar gidajen Dareta da 'Yargalma ba ta sauya kama ba. Babu najasa a cikinta. Mutum zai shimfiɗa tabarma a kanta ya yi salla, sallarsa ta yi. Amma ita ce take kashe yaran gidan. Tsarki daban, lafiya daban.

Yadda aka kama dalma

Dalma ba ƙwayar cuta ba ce, balle a kashe ta. Rana ba ta ƙone ta, damina ba ta ruɓar da ita. Idan ta sauka a wuri tana nan har jikoki. Saboda haka dabara ɗaya ce ta rage: a kama ta, a ɗauke ta, a kai ta inda ba za ta kai ga kowa ba.

Kamun farko a ƙasa aka yi shi. Sarakuna suka ba da umarnin a fitar da daka da niƙan duwatsu daga cikin gari. Sannan ƙwararrun kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatan muhalli na Jihar Zamfara da mutanen ƙauyukan, suka shiga gida-gida da fartanya da shebur. Suna kankare saman ƙasa kimanin santimita biyar, su zuba a buhuna, a kai wani rami da aka tanada a bayan gari a binne, sannan a kawo ƙasa mai kyau a shimfiɗa. An fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, aka bi da Abare da Tungar Guru da Sunke da Tungar Daji da Duza. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira har 2013, bayan matasa da ƙungiyoyi sun matsa wa gwamnatin tarayya lamba ta saki kuɗin aikin. A ƙauyukan takwas an kwashe ƙasa da tarkacen haƙa fiye da kubik mita 27,000 daga gidaje 820 da wuraren sarrafa duwatsu, akasari da hannu.

Kamu na biyu a cikin jini ne. A asibitocin Anka da Bukkuyum MSF ta riƙa ba yara wani maganin sha mai suna DMSA, wanda aikinsa shi ne ya cafke dalma a cikin jini su fita tare ta fitsari. Amma likitocin sun kafa sharaɗi: sai an share gidan yaro, domin wanda aka wanke wa jini ya koma cikin ƙurar nan, aikin ya zama na baban giwa. Shi ya sa yaran Bagega suka daɗe suna jiran magani. Ƙungiyar ta ci gaba da aikin har 2022, lokacin da ta miƙa shi ga hukumomin jihar.

Darasi uku suka fito daga nan. Gubar da ba a gani sai an auna ake sanin tana nan. Gubar da ba ta mutuwa sai an kama ta ake rabuwa da ita. Abin da aka kama kuma, dole a san inda za a kai shi. Waɗannan ukun su ne dai ginshiƙan yaƙin da ake yi da PFAS.

Mene ne PFAS?

Dalma halittar Allah ce da ke kwance cikin duwatsu, mutum ne ya tono ta. PFAS kuwa ɗan Adam ne ya haɗa su a masana'anta. Dangi ne babba, dubban sinadarai, kuma abin da ya haɗa su shi ne sarƙar kabon da aka lulluɓe da fulorin. Ƙullin da ke tsakanin waɗannan biyun yana cikin mafi ƙarfi da masana kimiyyar sinadarai suka sani, shi ya sa zafin girki da hasken rana da ƙwayoyin da ke ruɓar da shara duk ba sa iya kwance shi. Turawa sun yi musu laƙabi da sinadaran har abada. Mu mun san dawwama ta Allah ce Shi kaɗai, amma laƙabin ya nuna irin nacinsu.

Wannan taurin kai ne ya sa aka so su. Tun bayan da wani ma'aikacin kamfanin DuPont, Roy Plunkett, ya gano Teflon a 1938, aka riƙa amfani da danginsa wajen yin kaskon suya da abinci ba ya kamawa, da tufafin da ruwa ba ya jiƙawa, da takardar naɗe abinci mai maiƙo, da kumfar kashe gobarar mai da ake amfani da ita a filayen jiragen sama da sansanonin soja. Daga masana'antu da juji da wuraren atisayen kashe gobara suke zirarewa zuwa koguna da rijiyoyi. Idan sun shiga jiki, wasunsu kan yi shekaru kafin rabinsu ya fita.

Anka ta wannan labari ita ce Parkersburg a jihar West Virginia ta Amurka, inda wata masana'antar DuPont ta yi shekaru tana zubar da sinadarin PFOA. Shari'ar da lauya Robert Bilott ya jagoranta ta kai ga auna jinin mutane kusan 69,000, kuma zuwa 2012 kwamitin masana ya sami alaƙa mai rinjaye tsakanin sinadarin da cututtuka shida, ciki har da kansar ƙoda da kansar maraina da ciwon maƙoƙo da hawan jinin masu juna biyu. A ƙarshen 2023 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa PFOA a jerin abubuwan da ke haddasa kansa ga mutane. Yarjejeniyar Stockholm, wadda Najeriya ke cikinta, ta sa takunkumi a kan PFOS a 2009, da PFOA a 2019.

A watan Afrilu na 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙayyade cewa kada PFOA ko PFOS ya wuce kashi 4 cikin tiriliyan a ruwan sha. Don mu gane ƙanƙantar wannan, giram ɗaya, wanda bai kai kwatan ƙaramin cokali na gishiri ba, ya isa ya kai ruwan jarka miliyan 10 mai cin lita 25 ga wannan iyaka. Babu harshen da zai ɗanɗana wannan.

Gubar da aka tabbatar a Zamfara dalma ce, kuma bai kamata mu rikita ta da wata ba. Amma PFAS ba su san iyakar ƙasa ba. Masana a Jami'ar Stockholm sun nuna a 2022 cewa ana samunsu a ruwan sama har a wuraren da babu masana'anta kusa, irin su Antatika da tsaunukan Tibet. Kayan da aka yi da su kuma suna shigowa kasuwanninmu, su ƙare a jujinmu.

Gawayi mai kamun ƙarangiya

Tunda ba a iya kashe su a cikin ruwa da sauƙi, sai aka koma ga dabarar da aka yi wa dalma: a kama. Babban makamin kuwa abu ne da muka sani, wato gawayi, sai dai sarrafaffe.

Ana ɗaukar itace ko kwal ko ɓawon kwakwa a mayar da shi gawayi, sannan a sake gasa shi da tururi a zafin da ya kai digiri 800 zuwa 1,000. Tururin yana huda gawayin ya bar shi da ƙananan ramuka marasa ƙirguwa, kamar gidan gara. Idan aka baje bangon waɗannan ramuka, giram ɗaya na iya ba da faɗin murabba'in mita 1,000. Giram bakwai ke nan sun yi filin ƙwallo.

Yadda yake kamun ba irin shan da auduga ke yi wa ruwa ba ne. Ya fi kama da wanda ya ratsa fagen ƙarangiya da doguwar riga: shi ya wuce, ƙarangiya ta maƙale a jikin rigar. Ƙwayar PFAS tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai ƙyamarsa. Da ruwa ya ratsa gawayin, wutsiyar sai ta manne a bangon ramin, ruwan ya wuce ya bar ta. Masu doguwar wutsiya irin PFOA da PFOS sun fi kamuwa. Masu gajera, waɗanda masana'antu suka koma yi bayan an hana na farko, sukan sulale su wuce, kuma wannan na daga cikin manyan matsalolin da ake fama da su yanzu.

Makami na biyu wasu 'yan ƙwayoyin roba ne masu kama da ƙwan kifi, waɗanda aka ɗora wa caji irin na lantarki. Su kan suke kamawa, kamar yadda mayen ƙarfe ke jan allura, shi ya sa sukan fi gawayi riƙe masu gajerar wutsiya, ko da yake sun fi tsada. Akwai kuma tacewa ta hanyar matsa ruwa ya ratsa wata fata mai matuƙar ƙananan ƙofofi, irin wadda wasu masu ruwan leda da na gora ke amfani da ita. Tana tare PFAS da dalma gaba ɗaya, amma tana buƙatar wuta, kuma tana barin ragowar ruwa da gubar ta taru a cikinsa.

Kowane matashi yana da ranar cikarsa. Rigar da ta cika da ƙarangiya ba ta da sauran wurin ɗaukar wata. Idan ramukan gawayi suka cika, guba za ta riƙa wucewa, ruwan kuma yana fitowa garau kamar jiya, babu alamar da za ta gaya wa mai gida. Shi ya sa gidajen ruwan da suka san aikinsu ke auna abin da ke fitowa a kai a kai, su sauya gawayin kafin ya cika.

Sauran tambaya ita ce ta ramin bayan gari. Gawayin da ya gama aiki ya zama buhun ƙasar Dareta: gubar ba ta mutu ba, wuri ta sauya. Wanda ya watsar da shi a juji ya mayar da ita rijiya ta doguwar hanya. Abin da ake yi shi ne a mayar da shi tanderu na musamman a sake gasa shi, ko a ƙone shi a zafin da ya haura digiri 1,000 domin ƙullin kabon da fulorin ya karye, ko a binne shi a ramin da aka yi wa shimfiɗar da ba ta yoyo.

Abin da ya rage a wuyanmu

Ga magidanta, akwai abubuwan da sani kawai suke buƙata. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin kwalara da taifot, kuma kada a daina. Amma ba ya fitar da dalma ko PFAS, hasali ma idan ruwan ya ƙone ya ragu, gubar ƙara kauri take yi. Alif da garin 'ya'yan zogale suna kwantar da laka ruwa ya yi haske, amma ba a dogara da su a kan gubar da ta narke. Gawayin murhu yana iya rage wari, sai dai ba shi da ramukan sarrafaffe. Wanda ya sayi matacin ruwa ya tambayi mai sayarwa abin da yake tarewa da tsawon kwanakin da yake yi, ya sauya shi a kan lokaci, kuma kada ya yar da tsohon kusa da rijiya.

A yankin da ake haƙar zinare kuwa, darasin 2010 bai tsufa ba. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a watan Disamba na 2024. Ko a 2015 an sake ganin irin wannan annoba a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Kada dutse ya shigo gida, kada turmin dawa ya zama na zinare. Mai haƙa ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa, kuma a niƙa da ruwa don ƙura ta kwanta. Rijiya a ɗaga mata baki a rufe ta. Ambaliyar da ta auka wa Gummi a daminar 2024 ta isa tunatarwa: ruwa idan ya taso, abin da ke juji da kududdufi da wurin wankin duwatsu duk hanya ɗaya suke bi, kuma rijiyar da ba ta da baki ba ta zaɓar abin da za ta karɓa.

Ga masu sana'ar ruwa, shari'a ta hana ɓoye aibin haja. Mai ruwan leda da ya san matacinsa ya cika ya ci gaba da ɗurawa saboda ruwan na fita da haske, ya sayar da abin da ba shi ne mai saye ya biya ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hani mai tsanani ga ɓata wa mutane mashayarsu. Mai zubar da dattin sana'arsa inda zai gangara rijiyar maƙwabci, ya dubi kansa da wannan hani ko da dattin ba najasa ba ne.

Ga ɗalibai kuma, nan akwai fagen aiki. Masana a ƙasashe da dama suna gwada yin gawayin tace ruwa daga ƙaiƙayin shinkafa da ɓawon gyaɗa da totuwar masara, abubuwan da muke ƙonewa a bakin gona. Ɗalibin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko ta Ahmadu Bello a Zariya, yana zaune a kan kayan binciken. Malamanmu sun koyar da mu cewa ilimin da al'umma ba ta iya rayuwa sai da shi farilla ce ta kifaya: idan wasu suka ɗauka an sauke wa saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. A 2010 sai da aka kai jinin 'ya'yanmu wata nahiya kafin mu san abin da ke kashe su, kuma a tsawon wannan jira an yi ta haƙa ƙananan kaburbura.

Kiyaye rai yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo domin su. Babin tsarki ya gaya mana ruwan da za mu tsaya gaban Ubangiji da shi, ya kuma bar mana aikin gano ruwan da za mu ba yaro. Idan malamin zaure ya kawo almajiransa kan launi da ɗanɗano da wari, babu laifi ya ƙara musu da labarin Dareta, domin su san cewa akwai abin da sai awo ke nuna shi.

Allah Ya jiƙan yaran da suka rasu, Ya ba iyayensu ladan haƙuri, Ya ba waɗanda gubar ta bar wa rauni lafiya, Ya zaunar da Zamfara da ƙasarmu lafiya. Amin.